Kafin Ƙarambau Ya Fito wa Sa'adiya

Damba, Gusau.

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da gajiyar jinya. Ina roƙon Allah Ya sa lokacin da za ki buɗe wannan takarda kun sauka Tsafe lafiya ke da yara, kun kuma iske maigidanki Malam Sanusi cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya sa garin ya karɓe ku, Ya haɗa ku da maƙwabta na kirki, Ya tsare ku daga duk abin ƙi.

Kin san ni ba gwanin doguwar magana ba ne ido da ido. In na fara sai Innarki ta karɓe zancen, ko kuwa ni in ji nauyi in taƙaita. Shi ya sa na zauna a zaure bayan sallar walaha na ɗauki biro.

Yau da safe ɗanki Nafi'u ya shanye kokonsa ya nemi ƙari, sannan ya bi akuyar Innarki da gudu har bakin ƙofa. Na kira shi na ɗaga rigarsa na duba bayansa da cikinsa, ƙurajen duk sun bushe sun yi ɓawo, babu ko ɗaya mai ruwa. Na ce alhamdu lillahi ya fi a ƙirga. Kwana taran nan da ya yi yana fama da ƙarambau ban nuna miki ba, amma hankalina bai kwanta ba sai yau.

Sai dai ga Sa'adiya. Tabarma ɗaya suka yi ta kwana da yayanta, kwano ɗaya suka ci, kuma ciwon nan yakan yi mako biyu, wani lokaci uku, a jikin yaro kafin ya fito. Na so ku ƙara kwanaki a nan, amma makarantar da aka tura ki ba za ta jira ba, na kuma gane haka. Saboda haka ina kyautata zaton a Tsafe zai fito mata, inda babu Innarki a tsakar gida, babu ni a zaure. Wannan karon Innarki ce ta riƙe jinyar ke kina taya ta, can kuwa ke ce gaba. Ba tsoratar da ke nake yi ba. Yawanci ciwo ne mai zuwa ya wuce cikin mako guda ko kwana goma. Abin da ke ɓata shi sau da yawa hannun manya ne, kuma ni na taɓa zama babban da ya ɓata. Ba ki taɓa jin labarin daga bakina ba, yau za ki ji.

Shekara ashirin da 'yan kai ke nan, ina malamin gona a Rawayya. Babban yayanki yana da shekara shida, ke kina da huɗu. Innarki tana da cikin autanmu wata bakwai, ta tafi Mada duba mahaifiyarta da ba ta jin daɗi, ta bar ku wurina da yayata, Gwaggonku Kulu, Allah Ya jiƙanta. Bazara ce, zafi ya kai inda ya kai. Ranar nan na dawo daga kewayen gonaki na iske yayanki kwance da masassara, washegari kuma ƙananan ƙuraje masu ruwa suka feso masa a ƙirji da fuska.

Da na gan su gabana ya faɗi. Ni na yi wayo lokacin da agana take kashe yara a ƙauyenmu, na ga waɗanda ta bari da fuska duk ramuka, na ga wanda ta makantar. Ku ba ku san ta ba, Allah Ya kawar da ita kafin ku yi wayo. Tsoron nan ne ya rufe mini ido. Maimakon in ɗauki yaro in kai a duba, sai na ce da Gwaggonku kada kowa ya ji. Ita kuma ta ce abin da ta gada shi ne a rufe yaro a ɗaki a lulluɓe shi, don ciwon ya fito duka, kuma kada ruwa ya taɓa jikinsa, in ya taɓa zai koma ciki. Ban musa ba. Ni da na yi makaranta, nake koya wa manoma yadda ake feshin auduga, da hannuna na ɗauko bargo na rufa wa yaro mai masassara a tsakiyar bazara, na toshe taga da tsumma.

Kwana huɗu ya yi a haka. Zufa tana zuba, ƙaiƙayi yana ƙaruwa, yana susa da faratan da ban ko lura sun yi tsawo ba. Gwaggonku ta kwaɓa toka ta shafa masa, ni kuma na sayo garin maganin ciwon kai na takarda a wurin mai tebur, ina kaɗa masa a ruwa safe da yamma. A rana ta biyar wani ƙurji a cinyarsa ya kumbura, kewayensa ya yi ja ya yi zafi, ya fara fitar da mugunya. Yaron da ke kuka ya daina kuka, sai kallo kawai. A nan ne na ɗaure shi a bayana da rawani na hau babur zuwa ɗakin shan magani na Bungudu.

Nas ɗin da muka iske wata Kirista ce 'yar kudancin Zariya, ana kiranta Maman Talatu, mijinta yana koyarwa a garin. Ta buɗe yaron ta duba, ta ce ƙarambau ne, ba agana ba. Wallahi ji na yi kamar an sauke mini dutse daga ka, har na yi murmushi. Ita ba ta yi ba. Ta tambaye ni kwana nawa rabonsa da wanka, na faɗa mata. Ta tambayi abin da nake ba shi, na ciro takardar garin maganin daga aljihu na miƙa mata. Ta karanta bayanta, ta ɗago ta dube ni.

"Malam, ciwon da ya zo da shi mai sauƙi ne. Wanda kuka ƙara masa shi ne ya kawo ku nan. Wannan garin akwai asfirin a ciki, kuma ba a ba yaro mai ƙarambau asfirin. Allah ne Ya tsare maka shi."

Ba a taɓa yi mini magana haka a gaban mutane ba. Ta wanke ƙurjin, ta yi masa allura, ta ce in dinga kawo shi kullum har kwana biyar. Tabon yana nan a cinyarsa har yau.

To ga abin da na koya a ranar, Uwani. In masassara ta kama Sa'adiya, kada ki rufe ta. Ki sa mata riga 'yar shara ta auduga, ki shimfiɗa mata tabarma inda iska ke shiga. Ki yi mata wanka sau biyu ko uku a yini da ruwa mai ɗumi-ɗumi. Kin ga yadda Innarki take tafasa ganyen dogon yaro ta tace, ta surka har ya huce, sannan ta zuba wa Nafi'u a hankali da moɗa? Haka za ki yi. Ba ya kashe ciwon, amma yana kwantar da ƙaiƙayi, jiki kuma ya zauna da tsabta. Ban da soso, ban da dirzawa. In kin gama ki ɗauki tsumma mai laushi ki dinga dannawa har ruwan ya tsane, sannan ki ɗiɗɗiga mata kalamin, ruwan maganin nan da ke bushewa fari, amma ki kauce wa ido da baki. Don zafin jiki farasitamol na yara ya isa, gwargwadon yadda malamin asibiti ya ce. Duk wani gari ko ƙwaya da ba ki san abin da ke ciki ba, ko wa ya kawo, ki yi godiya ki ajiye. Toka da kanwa da man zafi kuwa, ko uwar mijinki ce ta ce a shafa, ki nemi hanyar ladabi ki zame. Gwaggonku tana son yayanki kamar ranta, amma son bai hana cinyarsa kumbura ba.

Kuskurena na biyu tun kafin mu je Bungudu na tafka shi. Da na ga jikin yaron ya rikice, na ba wani direba saƙo zuwa Mada cewa Innarki ta taho maza. Muna cikin magana da Maman Talatu ta tambayi ina uwar yaron, na ce tana hanya, har na ƙara da cewa ga ta da tsohon ciki amma dole ta zo. Sai ta ajiye abin da ke hannunta. Ta tambaye ni ko Innarki ta taɓa yin ƙarambau tana yarinya, na ce ban sani ba. Ta ce to kada in bari ta taka gidan, domin ciwon da yaro ke tashi daga shi cikin mako guda yana iya kayar da mai ciki, ya kuma taɓa abin da ke cikinta.

Na mayar da yayanki gida, na juya babur sai Gusau, don na san dole ta sauka a tasha ta canza mota. Na fi awa biyu ina leƙa kowace motar da ta shigo daga wajen Mada. Can wajen la'asar na hango ta ta sauko da ƙullin kayanta, tana tafiya da ƙyar. Da na ce ta koma, ta zaci ɓoye mata nake yi, ta zaci yaron ya rasu. Ta zauna a kan wani benci ta kama kuka. Sai da na rantse mata, na kwatanta mata yadda na bar shi yana shan kunu, sannan ta saurare ni. Ta ce ita ma ba ta san ko ta yi ciwon ba, sai ta tambayi tsohuwarta. Kafin ta shiga motar komawa ta ce da ni, "Wa zai yi musu wanka? Yaya Kulu ba za ta yarda ta yi ba." Na ce ni. Ta dube ni har cikin ido, ta shiga mota.

Mako huɗu ta yi a Mada ba ta ga 'ya'yanta ba. Ta haifi ƙanenki lafiya bayan wata biyu. Har yanzu in na tuna cewa da motarta ta riga ni wucewa da ta kwana a ɗakin nan, sai in sake gode wa Allah.

Ke kin yi naki, ba abin da za ki ji tsoro a kanki. Amma ki tambayi Malam Sanusi ko ya yi. In bai sani ba, ya tambayi mahaifiyarsa, ba abin kunya ba ne. Babba in ya kamu ya fi yaro shan wuya nesa ba kusa ba. Kuma duk mai cikin da ke kusa da ku, da duk mai jariri, ki sanar da ita tun wuri.

Wannan ne ya kawo ni kan abin da ya fi damuna a labarin, don shi ba a jikin 'ya'yana ya tsaya ba. Na gaya miki tun farko na ce kada kowa ya ji. To a kwanakin nan huɗu da muke ɓoyo, matar maƙwabcinmu Malam Ɗanjuma ta shigo aron turmi, goye da jaririnta da bai kai wata biyu ba. Ta ji nishin yaro a ɗaki ta leƙa ta yi masa sannu, har ta zauna kusa da shi ta ɗan yi masa fifita. Ina tsakar gida ina gani. Na san ya kamata in ce ta fita, amma in na faɗa asirina ya tonu, sai na yi shiru na ci gaba da gyaran babur.

Bayan mako biyu jaririn ya feso da ƙuraje. Ran nan na rasa inda zan sa kaina. Na je na sami Malam Ɗanjuma a ƙofar gidansa na gaya masa gaskiya, cewa daga gidana ne, kuma na gani ban hana ba. Ya ce ciwo na Allah ne, amma da na faɗa da ya fi. Ni na kai matarsa da jaririn Bungudu, daga can aka tura su babban asibiti a Gusau, suka yi kwana shida. Allah Ya tashi kafaɗar yaron, yau ga shi magidanci ne yana sayar da taki a kasuwar Bungudu. Mahaifinsa bai sake tayar da zancen ba har ya bar duniya, amma ni ban daina jin nauyinsa ba.

Na san za ki sauka a gidan haya, cikin matan da ba ki sani ba, kuma ba wanda ke son a fara saninsa da ciwo. Duk da haka, ranar da kika isa, in kin gama gaisawa da matan gidan, ki gaya musu cewa babban ya tashi daga ƙarambau, ƙaramar kuma ana sa ran zai fito mata. Ki riƙe Sa'adiya a ɗakinku gwargwadon iko, musamman in kin ga ta fara langaɓewa ko ta ƙi abinci, don tun kafin ƙuraje su fito ake ɗauka. In sun fito, ba gidan suna, ba gidan biki, ba wasa da yara, sai duk sun yi ɓawo. Wata za ta ɓata fuska, wata za ta janye ɗanta in ta gan ki. Ki ƙyale su. Bayan wata ɗaya su ne za su ce malamar nan mai gaskiya ce.

Saura naki. Kwana goma sha biyar bayan na yayanki, ke ma ya fito miki, kuma naki ya fi yawa, har cikin gashi da cikin baki. A lokacin na zaci na ƙware. Ina tafasa ganye, ina wanka, ina shafa magani, maza suna wucewa ta ƙofar gida suna ganina da moɗa da zane a kafaɗa suna yi mini dariya, ban kula ba. Abin da ban iya ba shi ne haƙuri. Ke kuwa ba kya jin bari. In na ce kada ki sosa, sai ki dube ni ki sosa. Wata rana da azahar na gaji, ga zafi, ga aikin gona da na bari, na juyo na gan ki kina ƙwaƙule wani ƙurji a goshi, sai na make miki hannu da ƙarfi. Ba ki yi kuka ba. Kin tashi kin shige bayan rumbu, kin zauna can kin sosa son ranki inda ba na gani. Ɗan ramin nan da ke saman girarki ta hagu, wanda kike cewa tun haihuwa ne, ba tun haihuwa ba ne. A ranar kika same shi. Ki yafe mini.

Gwaggonku ce ta gyara mini wannan, ita da na gama ɗora wa laifin komai a zuciyata. Ta ɗauko ki ta ɗora a cinya, ta yanke miki farce ƙaf, ta ɗinka 'yan jakunkuna biyu da tsohon zanenta ta zura miki a hannu ta ce safar amarya ce. Sannan ta samo gashin kaza mai laushi, duk inda kika nuna yana miki ƙaiƙayi sai ta bi da shi a hankali tana yi miki tatsuniya. Ta ce da ni, "Wagga yarinya ba taurin kai take ba, jikinta ke cin ta. Kai in sauro ɗaya ya cije ka, kana iya bari?" Daga ranar na koyi tatsuniya uku, na yi ta maimaita miki su har kika warke.

Saboda haka ki yanke wa Sa'adiya farce tun yanzu, kada ki jira. In ta sosa kada ki daka mata tsawa, ki kama hannun ki ba shi wani abin yi. Shekararta biyu, ba ta san gobe ba, ƙaiƙayin yanzu kawai ta sani. In ya fito mata a baki za ta ƙi tuwo, kada ki matsa mata. Kunu mai sanyi, koko marar yaji, fura da aka dama da ruwa-ruwa, kankana in an samu, da ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai. Ban da yaji, ban da tsami, ban da abu mai zafi. In ta rame kada ki damu, kin ga yadda Nafi'u yake ramuwar ci yanzu.

Akwai kuma inda dabarar gida take ƙarewa, kuma ni na san wurin don na wuce shi da kwana biyu. In masassara ta haura kwana huɗu ba ta sauka ba, ko ta sauka ta dawo da ƙarfi. In wani ƙurji ya kumbura ya yi ja yana mugunya. In numfashinta ya canza, ko tana ta amai, ko ta ƙi shan komai, ko barci ya yi mata yawa har kina tashinta da ƙyar, ko wuyanta ya sandare, ko ƙurji ya shiga ido, to ki ajiye moɗa ki ɗauki mayafi. Kada ki jira maigida ya taso daga aiki, kada ki jira a yi shawara. In kuma kika ga abin ya zo da tari da majina da jan ido, ƙurajen kuma ƙanana ne marasa ruwa, wannan ƙyanda ce, ba a zama da ita a gida. Ko ma ba ki ga ɗaya daga cikin waɗannan ba, in zuciyarki ta ƙi kwanciya, ki kai ta a duba. Gara a ce miki ba komai ki dawo. Makon farko ki nemi inda asibitin garin yake ki je ki gan shi da idonki, tun kowa yana lafiya.

Na cika takarda huɗu, yatsuna sun fara ƙagewa. Innarki ta leƙo sau biyu tana tambayar me nake rubutawa haka kamar mai neman aiki. Na karanta mata wani wuri, ta ce na manta ban faɗa ba a dinga wanke zanen shimfiɗa kullum a shanya a rana, kuma kowane yaro da tsummansa. To ga shi na faɗa. Ta ce kuma in ya fito ki ba direbobin Tsafe saƙo, za ta zo ko kwana biyu ne.

Na lura da ke a kwanakin nan tara. Ban ji kin ɗaga murya ga yaron nan ko sau ɗaya ba, kuma duk abin da ba ki gane ba kina tambaya nan take, ba kya jin kunyar a ce ba ki sani ba. Ni sai da na kai shekara arba'in na koyi wannan. Shi ya sa gobe in motarku ta tashi zan koma zaure in zauna da kwanciyar rai.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya sa ki shiga aikinki da ƙafar dama. In ciwon ya zo wa Sa'adiya, Allah Ya sa ya zo da sauƙi ya tafi da sauƙi. Allah Ya raya miki su, Ya shirya su, Ya sa su ji ƙanki. Ki gaishe da Malam Sanusi da kyau, ki ce ina yi masa fatan alheri. Na bar ku a hannun Wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki.